Baba Zo-Ka-Leƙa Zai Rufe Madubinsa

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Baba ya riga ya buɗe ɗakin gwaji, ɗan tsukukun ɗakin nan da ke bayan wurin karɓar magani. Zai rataye hularsa a ƙusa, ya sa farar riga, ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe madubinsa mai ƙara girman abu, ya goge shi a hankali kamar mai wanke wa jinjiri fuska. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Aikinsa shi ne ya duba jini da kaki da fitsari, ya rubuta sakamako. Amma ya ɗora wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya gani yana jujjuya takarda yana gyaɗa kai irin na wanda bai fahimci komai ba, sai ya ce, "Zo ka leƙa." Nan sunan ya samo asali. Wata ungozoma ta ce mini a wurinsa ta fara ganin ƙwayoyin jini da idonta, bayan ta shekara goma tana ambatonsu.

Yayana tela ne. Tarin fuka ya kama shi, aka ɗora shi kan maganin wata shida. A wata na biyu tari ya lafa, sai ya tura kwalin maganin cikin aljihun kekensa na ɗinki, ya ce ya warke. Ga jikarsa 'yar wata tara, kullum tana kan cinyarsa. Da yake ni ne mai karatun gidan, na zaunar da shi na yi masa lacca mai tsawo a kan ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na ga almakashinsa.

Da ƙyar matarsa ta ja shi gwaji, ni ma na bi su. Baba ya duba kakin, ya leƙo ta taga ya ce, "Tela, zo ka leƙa."

"Ni fa lafiyata ƙalau, Baba."

"To, mai lafiya, idon da ke zira zare a allura ba zai kasa wannan ba."

Ya fara sa masa gilashin da aka shafa wa kakinsa na ranar farko, wanda ya adana. Yaya ya kafa ido, ya daɗe bai ɗago ba.

"Waɗanne irin guntayen jan zare ne haka, birjik?"

"Baƙinka ne. A ƙirjinka suka sauka."

Ya canza gilashi, ya sa na ranar. Yaya ya ƙirga da yatsa a iska. "Ai saura 'yan kaɗan."

"Ragwayen ne suka mutu," in ji Baba. "Waɗannan su ne masu taurin kai irinka. Ka ƙyale su su hayayyafa, wataƙila jikokinsu ba za su ji wannan maganin ba. Kuma in ka yi tari, tsalle suke yi. Wa ya fi zama kusa da bakinka a gida?"

Da muka koma gida, kafin ya cire takalmi ya jawo aljihun keken.

Ranar gwajin ƙarshe, shi ya nemi a ba shi ya leƙa. Ya murza nan, ya murza can, ya ɗago da fushi. "Baba, madubinka ya lalace. Shuɗi kawai nake gani."

"Shi muka yi wata da watanni muna nema."

Baba, kai ne ka mayar da abin da likitoci ke faɗa da baki ya zama abin da tela zai ƙirga da yatsa. Kai ne ba ka taɓa raina jahilcin kowa ba, har da na mai karatun gidanmu. Mai ido biyu, ɗaya a madubi, ɗaya a fuskar mara lafiya. Mun gode. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu gadon kujerarsa, in kun ga mutum yana gyaɗa kai da takarda a hannu, ku matsa gefe ku ba shi wuri. Jikar Yaya ta fara tafiya, kuma ba ta taɓa yin tarin ba.