Kwana Uku a Kan Dutse Ina Jiran Muryar 'Yata

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na gani a shekarun koyarwata, akwai wasu kwana uku da ba zai iya taɓa su ba. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a yankin Doguwa, nesa da garinmu Bebeji. Matata ta rasu, 'yarmu tilo kuma ta samu gurbin karatun jinya a wata ƙasa ƙetaren teku. A wani ɗaki bayan makaranta nake zaune, daga ni sai rediyona.

Darasin da na fi ƙauna shi ne na motsin ɓawon duniya. Nakan cika roba da ruwa in zuba sakaina a kai, in ce wa ɗalibai ƙasar nan da muke takawa ba a dunƙule take ba, manyan falle-falle ne zaune a kan dutse mai tsananin zafi, suna tafiya sannu-sannu kamar tsirar farce. Inda biyu suka haɗu suka cije, sai su shekara aru-aru suna turereniya. Ran da ɗaya ya suɓuce, ƙasa ta girgiza. Gaskiya a lokacin daɗin bayanin kawai nake ji.

Wata safiyar Litinin ina shan shayi, sai rediyo ya ce an yi mummunar girgizar ƙasa, ya ambaci sunan garin da 'yata take karatu. A wurinmu waya ba ta kamawa sai an hau wani dutse da ke bayan makaranta. Ban san yadda na kai samansa ba. Na kira, na sake kira, ba ta shiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. Tun kafin ta tafi na duba taswira, na ga garin nan yana daidai mahaɗar falle biyu, amma na yi shiru don kada in sare mata gwiwa. Na kuma san babbar girgiza ba ta zuwa ita kaɗai, ƙanana na biye da ita suna ƙarasa ginin da ya tsage. A kwanakin nan na yi fatan da ma ban taɓa karanta komai ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar matata na saba haɗiye damuwata, har na ɗauka hakan shi ne jarumta. Washegari a aji wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mun ji labari a rediyo. Sakainarka ce ta motsa?" Aji ya kwashe da dariya. Na ce su buɗe littafi su karanta, na fita na koma kan dutse.

A rana ta uku da azahar, wani dattijo mai gonar masara a gindin dutsen, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya hawo yana dogara sanda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kwana uku ke nan ina hango ka a nan kamar mai duban wata. Lafiya kuwa?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai hawaye suka riga ni. Na zayyana masa komai. Da na gama, ya tambaye ni abin da ke motsa ƙasar. Na yi masa bayani da tafin hannuwana biyu.

"Ikon Allah," in ji shi. "To mu nan fa?"

"Baba, mu muna tsakiyar falle ne, nesa da mahaɗa. Ba kasafai take zuwa mana da ƙarfi ba."

"To ai mu da ƙasarmu ke zaune, mu ya kamata mu taya ka zama."

Ya ajiye sandarsa ya zauna. Bai yi mini wa'azi ba, casbinsa kawai yake ja. A nan muka yi la'asar tare. Muna idarwa waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar 'yata ce, a dashe. Gidan kwanansu ya rushe, wayarta na ƙarƙashin ginin, ita ta karye a hannu, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya kuma ba ta fito ba. Muka yi kuka ni da ita. Can ta ce, "Baba, wa ke tare da kai?" Ashe tana kwance a asibiti da karyayyen hannu, zaman kaɗaicina ne ke damun ta. Na dubi dattijon nan na ce mata, "Ina tare da mutane."

Ta gama karatunta ta dawo, yanzu tana aikin jinya a Tudun Wada. Dattijon kuwa ya rasu bayan shekara biyu, ni ma na kama makararsa.

Abin da kwanakin nan suka koya mini shi ne, motsin ƙasa ba ya hannun kowa sai Mahaliccinta, sanin dalilinsa ma ba ya rage zafinsa. Amma rabin wahalar da na sha ni na ɗora wa kaina da na rufe bakina. Tun daga ranar, in abu ya dame ni nakan faɗa wa maƙwabci, in kuma na ga wani ya keɓe kansa, nakan je in zauna kusa da shi ko bai kira ni ba.