Jirgin da bai yi sallama ba

Ina tsugune a bayan gidanmu a unguwar Alabar ina ɗaure farfelar ɗan jirgina na tsere, wanda ake kira duron, sai Mma Hawa mai koko ta fito zubar da ruwa ta tsaya a kaina.

Na duba batir, na tabbatar babu wayar lantarki a kusa, na sa mutane suka matsa jikin bango, domin farfelar nan tana yanka kamar reza. Mma ta ga tabarau ɗin da ke nuna mini duk abin da kyamarar jirgin ta hango, ta ce in ba ta ta gwada.

Na sa mata, na ɗaga jirgin a hankali ina bin sa da ido. Yana wuce rufin kwano ta cire tabarau.

"Sauke shi, ɗana."

"Jiri kike ji, Mma?"

"Ba jiri ba ne. Tsakar gidan maƙwabta na gani, matar gidan tana wanki ko ɗankwali babu. Kai da ko gishiri aka aike ka sai ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, wa ya amsa wa wannan abin naka?"

Na sauke shi. Ni yatsun mutane nake ta tsarewa, ban tuna da mutuncinsu ba.

Yanzu motar haya ta trotro nake shiga har wani fili a unguwar Buokrom, inda babu katangar kowa.

Ashe ido ma baƙo ne, sai an ce masa bismilla. Ku da ke da irin jirgin nan a unguwanninmu na zango, ina kuke tayar da naku?