Kifin da Muka Kama a Cikin Wuta

Mu maƙera ne tun kakannin kakanni, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu tsakanin Kazaure da Roni. In ka tambaye ni zan ce maka fartanyar da aka fara noma da ita a duniya a gidanmu aka ƙera ta, kuma ƙotarta tana nan jingine a bayan rumbunmu. Mutanen garinmu sun san halina, in na ba da labari sai su zubar da rabi su riƙe rabi. To wannan dai a riƙe shi duka. Gishirin da na sa masa kaɗan ne, don labarin kunya ba ya bukatar ƙari.

Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa take tashe, kowa na neman abin noma. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina ƙira a maƙerar wan mahaifina, wanda muke kira Baba. Shi ne Sarkin Maƙeran yankinmu. Dogo ne siriri, hannuwansa duk tabon wuta, ba ya yawan magana sai in an taɓo tama, wato dutsen da mutanen dā suke gasawa su fitar da ƙarfe. Kowa a ƙasar nan ya san Baba ne mutum na ƙarshe da ya san sirrin tama. Da yamma yakan nuna mana duwatsun Roni da haɓa ya ce, "Duk wancan ƙarfe ne kwance." Mu kuma mu gyaɗa kai, mu koma mu ci gaba da dukan sifirin mota da gutsattsarin ƙarfen layin dogo da ake sayo mana daga Kano. Tun da na yi wayo, da su muke ƙira.

Ana nan sai mai kifi ta shigo. Fartanya ce ta Turai da ake shigowa da ita daga ƙasar Faransi ta wajen Babura, a jikin ƙarfenta an buga hoton wani ɗan kifi. An ce gwamnatin can ce take biyan wani kaso na kuɗinta don manomansu su samu da sauƙi, 'yan kasuwa kuma su kwaso su tsallako da ita. Arahar ta kai in ka yi wa mai sayarwa sallama da kyau sai ya ƙara maka ɗaya. Mu kuwa sai muka koma gyaran ƙota da wasa lauje. Akwai ranar kasuwar da na zauna a rumfa tun hantsi har la'asar, abin da ya taya kayana akuya ce, ita ma ta sunsuna ta wuce.

Mai kawo mana wannan bala'i wani Buzu ne mai raƙuma, sa'an Baba. Maƙeri da Buzu abokan wasa ne, kowa ya sani, kuma waɗannan biyun sun yi shekara da shekaru suna abu ɗaya. Ba ya sauke kaya sai ya tsaya a bakin rumfarmu.

"Bawana, yau ma toka kake sayarwa?"

Baba, ba tare da ya ɗago ba, sai ya ce, "Ɓarawon raƙumi. Buɗe bakin nan mu ga ko haƙora ne babu ya sa kake rufewa."

"Na kawo maka kifi ka ci, ka rame."

"Kai da ba ka taɓa ganin ruwan wanka ba, ina ka ga kifi?"

Sai Buzun ya zauna ya sha furarmu, ya tafi ya kashe mana kasuwa. Baba kuwa ranar yakan koma gida yana murmushi, yana shirya zagin mako mai zuwa.

Da abin ya ishi maƙera, aka haɗu aka je gaban hakimi, aka roƙa a ƙara wa mai kifi kuɗin fito a bakin iyaka don tamu ta samu shiga. Hakimi ya kai maganar gaba. Bayan kaka sai ga saƙo: Baturen kwastan zai zo rangadi, kuma dama ana sake duba kuɗin fiton kayan ƙarfe, zai saurare mu.

Ya zo, wani ja mai ɓawon hanci, da tafintansa. Ya saurara, sannan tafinta ya juyo mana da tambaya ɗaya. Ƙarfen da muke ƙira da shi, na ƙasar nan ne ko shi ma na Turai ne? In na ƙasar nan ne, akwai abin da za a kare, za a duba ƙarin. In kuwa mu ma na Turai muke saye mu lanƙwasa, to ƙarfen Turai ne ke ƙarar ƙarfen Turai, babu dalilin da zai sa manomi ya sayi fartanya da tsada.

Duk muka juya muka kalli Baba. Wani dattijo daga Gwiwa ya riga kowa: "Ranka ya daɗe, ga mai tama nan zaune. Duwatsunmu ƙarfe ne." Kowa ya ɗauka, har da ni, kuma muryata ba ƙarama ba ce. Baturen ya ce madalla, zai dawo ta nan bayan ya gama da Babura, yana son ya gani da idonsa.

A hanyar gida Baba ya ce, a hankali, "An daɗe fa ba a yi ba."

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya ce, "Hannu ba ya mantuwa, Baba."

Baba ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ga maƙeran Gwiwa da na Roni suna biye da shi kamar liman, ya ci gaba da tafiya.

Muka shiga aiki. Jakuna suka yi ta sauko da jan dutse daga inda Baba ya nuna. Muka sare ƙirya muka ƙona gawayin da zai ishi Kano girki har ta gaji. Aka gina murhu na yumɓu, kamar ƙaramin rumbu mai ƙofofi a gindi. Ina lura da Baba. Yakan ce a ƙara tsawo, in an ƙara ya tsaya ya karkata kai ya ce a rage. Yakan rufe ido yana motsa hannu a iska, kamar mai bin wani da kallo yana aiki. Na ɗauka sirri ne. Yaya kuwa, da ya fi ni sanin ubansa, fuskarsa ta fara canzawa. Ranar da za a cika murhu, da Baba ya tafi sallar azahar, Yaya ya ce mu ma mu je, shi zai ƙarasa zuba gawayin. Muka tafi muka bar shi.

Aka kunna wuta, muka yi ta zuga bi da bi har hannuwanmu suka daina jin suna jikinmu. Washegari da hantsi aka taru. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, har makafi sun zo kallo. Hakimi na kan shimfiɗa, Bature na kan kujerarsa ta tafi-da-gidanka, mata sun hau duwatsu, masu ƙosai sun kafa kasko. Buzun yana can gefe a kan raƙuminsa, ya fi kowa ganin fili. Da Baba ya wuce ta gabansa sai ya ce, "Bawana, in ka gasa dutsen ka sammini da yaji."

"Sauko ka kwanta a ciki, mu ga ko za a sami abin amfani a jikin Buzu," in ji Baba. Amma muryarsa ba ta fita sosai ba.

Aka fasa gindin murhu. Baba ya karɓi awartaki da hannunsa ya fara jawowa. Dutse ya fito, baƙi, gasasshe, amma dutse. Ya sake jawowa, dutse. Wutarmu ashe ba ta kai ko'ina ba, ɗumama duwatsun kawai muka yi. Can sai awartaki ya kama wani abu da ya yi ƙara irin ta ƙarfe. Maƙeran Gwiwa suka fara kabbara. Baba ya jawo shi, ya tsoma a ruwa, ya ɗaga.

Guntun ƙarfe ne mai faɗi, an sassare shi an bubbuge. Ya goge shi da babban yatsa. Ɗan kifin nan yana kwance a jiki, da idonsa da jelarsa, ko ƙaya ɗaya bai rasa ba.

Na dubi Yaya. Kansa na ƙasa. Ashe mai kifi ya saya a ɓoye ya farfasa ya cusa, yana zaton murhun tama zai narkar da su su fito dunƙule, a rufa wa tsoho asiri. Mu da muka gaji wuta, babu ɗayanmu da ya san abin da murhun nan zai iya da wanda ba zai iya ba.

Tafinta ya miƙo hannu, ya kai wa Bature. Baturen ya juya guntun, ya dubi murhu, ya dubi Baba. Da ya yi dariya da mun ji sauƙi. Bai yi ba, ya dai zaro hankici ya goge yatsunsa. Ni kam a lokacin, da ƙasa ta tsage da na shige, na ja ta na rufe, na kuma roƙi a yi shuka a kaina.

Hakimi ya ce, "Sarkin Maƙera, mene ne wannan?"

Baba bai dubi ɗansa ba ko sau ɗaya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaya masa ban taɓa fitar da tama ba. Mahaifina na gani yana yi, ina yaro, ina miƙa masa ruwa. Mutane suka ce na iya, ni kuma ban ce ban iya ba. Abin da ke cikin murhun nan duka nawa ne."

Tafinta ya juya maganar da Turanci. Baturen ya ce wani abu gajere, ya miƙe. Kuɗin fito ya zauna yadda yake. Taro ya watse ba hayaniya, masu ƙosai ma a hankali suka kwashe kaskonsu.

Baba bai sake zuwa kasuwa ba. Ba wanda ya karɓe masa sarauta, ba wanda ya ce masa komai, ya dai koma zaure yana gyara zugazugi da ba su lalace ba. Ni na ci gaba da zuwa rumfa. Ranar kasuwa ta farko na zauna na ɗaure ciki, don na san Buzu ya samu abin zolayar da zai ci har jikokinsa. Na hango raƙumansa. Ya tsaya a bakin rumfa, ya sauko, ya cire takalmi.

"Salamu alaikum. Ina kwanan Sarki? A gaishe shi da kyau."

Ya sa takalminsa ya wuce. Furar ma bai sha ba.

Da na koma gida Baba ya ce, "Ɓarawon nan ya zo?"

"Ya zo, Baba."

"Me ya ce?"

"Yana gaishe ka."

Ya jira. Da ya ga babu saura sai ya ce, "Gaisuwa." Ya juya fuska wajen bango. Ko a gaban Bature ban ga ya ƙanƙance haka ba.

Mako na gaba na tare Buzun a bayan rumfar masu gishiri. Na ce, "Don Allah ka zage shi. Ko kaɗan ne, in kai masa."

Ya gyara rawaninsa ya ce, "Ɗana, ina wasa da mutumin da ke tsaye. Ka bari ya tashi tukuna."

Na dawo ina tunani a hanya. Allah bai ba ni hannun ƙira kamar na Yaya ba, amma ya ba ni baki. Ina shiga zaure, kafin Baba ya tambaya, na ce, "Baba, yau Buzun nan ya wuce gona da iri. Ya ce wai a gaya wa bawansa Sarkin Ruwa, masuntan Haɗeja suna neman sa ya koya musu su a cikin wuta. Wai in ka sake kunna murhu ka sanar da shi ya zo da taru da kwando, kuma wai a ware masa mai tsoka, ban da ƙaya, don raƙuminsa ma yana marmari."

Kafaɗun Baba suka fara motsi. Ya yi dariya har da tari, har Yaya, wanda tun ranar bai yarda sun haɗa ido ba, ya leƙo daga cikin gida. Baba ya share ido da gefen riga, ya dube ni.

"Buzun nan zaginsa gajere ne," ya ce. "Wannan mai doguwar jela naka ne."

Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye zugazugin, ya matsa ya ba Yaya wuri a kan tabarma, sannan ya ce da ni, "To, faɗi sauran. Sai kuma ya ce me?"