Tukwanen da Na Ɗauka na Turare Ne

"Habu, ashe da kuɗin giya kake ciyar da ni?" Da haka Inna ta fara waya jiya.

Wani ɗan Ireland da muka saba da shi lokacin da ya zo kallon Kofin Duniya a ƙasar da nake ci-rani ne ya turo min hotunan ƙasarsu, da manyan tukwanen jan ƙarfe. Na ɗauka na turare ne. Don tsokana na liƙa hotona a gabansu, na tura gida wai na canja aiki. Ƙanwata mai boko ta karanta wa Inna allon da ke cikin hoton: giyar wuski ake dafawa.

"Inna, wallahi wasa ne! Ina nan garejinmu a unguwar Sanaiya."

"Kai komai wasa ne. Kada ka ƙara aiko min ko sisi."

Tun jiya nake kira, ba ta ɗauka. Jama'a, wanda ya saba rantsuwa cikin wasa, da wane baki zai wanke kansa?