Nauyin Dogo

Zariya zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fita daga gida a Tudun Wada, da jaka ɗaya da ƙullin yaji da daddawa. Ƙullin na abokina Isuhu ne, wanda kowa ke kira Dogo, malamin kwaleji da ya tafi Malesiya karatun digiri na uku ya shantake. Mahaifiyarsa Inna ce ta ba ni shi da na je yi mata sallama. Idanunta sun yi rauni yanzu, sai da ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Sani, ka ce wa Isuhu ba takarda nake jira ba, shi nake jira. Kullum ce mini yake baɗi, ni kuwa ban san ko ina da baɗin ba."

Na ce, "In sha Allahu zan faɗa masa, Inna."

Ta ce, "Faɗa kam kowa ya faɗa. Kai taho mini da shi za ka yi."

Ni sarin kayan waya ne sana'ata, kuma da sunan sari na shirya tafiyar. Amma Allah ya sani, maganar Inna ce ta saya mini tikiti.

Direban da ya ɗauko mu zuwa Kano mai surutu ne. Bayan mun wuce shingen 'yan sanda na biyu ya dube ni ta madubi ya ce, "Alhaji, da ganin wuyan nan naka ka yi dambe."

Na ce masa zari-ruga na yi.

"Wannan da ake sunkutar ƙwallo a ruga kamar an yi sata?"

Ban ji haushi ba, mun saba. Haka aka yi ta yi mana dariya lokacin da muke ƙungiyar yankin Arewa. Wani tsohon malamin motsa jiki ne ya tara mu daga Zariya da Kaduna da Kano da Jos. Ba mu da fili namu, gora muke ɗaurawa a jikin ragar 'yan ƙwallon ƙafa don ta yi tsawo, in sun zo kuma su kore mu. A wannan titin muka sha wucewa cikin wata tsohuwar bas, ƙarti cunkus, kowa da buhun garin rogonsa. Yau kocin ya rasu, filin ya zama shaguna, jesinmu kuwa matanmu sun daɗe da mayar da su tsumma.

Kano zuwa Kuala Lumpur

Jirgi ya tashi da rana, muka yada zango a Addis Ababa, muka sake hawa wani. Wanda ya tsara kujerun jirgi bai taɓa ganin mutum irina ba. Gajere ne ni, amma faɗi gare ni, shi ya sa a ƙungiya suke ce mini Turmi. Kafaɗuna suka yi ta yi mini tsiya har muka sauka washegari da yamma.

Ina fitowa daga wajen duba fasfo na hango Dogo, ya fi kowa tsawo kamar kullum, cikin wata burmemiyar jallabiya da hula. Ya tara gemu.

"Turmi, har yanzu ba ka ƙara ko taƙi ɗaya ba?"

"Kai ma har yanzu ba ka yi hankali ba."

Na buɗe hannu zan rungume shi, sai ya yi wuf ya karɓi jakata ya sa ta a tsakaninmu. Na ɗauka zumuɗi ne. Muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, sannan tasi zuwa Sri Petaling inda yake haya. Gari ne mai ruwan sama da gumi, ko'ina kore shar. Direban tasin ya tambayi Dogo wani abu, na ji ya amsa da "boleh, boleh," wato ba komai, zai yiwu. A kwanakin da na yi na lura wannan kalmar ta zame masa bakin magana, ko an tambaye shi abin da ba zai yiwu ba.

Sri Petaling

Ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na sama, littattafai har kan kujera. Na miƙa masa ƙullin Inna. Ya kwance, ya sunsuna daddawar. Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni.

Ya ce, "Saura kaɗan, Turmi. Babi ɗaya ya rage. Baɗi war haka ina gida."

Na ce, "Ta ce kada ka sake ce mata baɗi."

Ya ce, "Taso mu je makan," wato cin abinci. An rufe magana ke nan.

Ya kai ni mamak, irin shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke kowace kusurwa. Aka kawo mini gurasarsu mai laushi da miyar wake da shayi mai kumfa. Na ci, na ƙara, don ni ba na kunyar abinci. Shi kuwa ya yagi loma biyu ya ture faranti, wai ya ci a makaranta. Ɗalibai 'yan Arewa suna ta tsayawa gaishe shi, "Koci, ina wuni," rabin maganarsu Turanci, kowace jimla da "lah" a wutsiyarta. A nan na ji cewa ya tara su yana koya musu zari-ruga duk Asabar.

Hira ta koma da. Muka tuna zuwanmu Jos, inda sanyi ya sa muka kwana da takalma. Muka tuna Legas, inda muka ci wasa aka hana mu ruwan wanka. Sai muka zo kan Kumasi, tafiyarmu ɗaya tak zuwa wata ƙasa.

Ga wanda bai san wasan ba: in ƙwallo ta fita, ɓangarorin biyu kan yi layi, a jefo ta tsakiya, kowane ɓangare ya ɗaga mutum ɗaya sama ya cafke. Dole mai jifa da masu ɗagawa su san inda za a jefa ba tare da abokan karawa sun gane ba. Mu da sunan abinci muke yi. Tuwo gaban layi, fura tsakiya, kilishi can baya. A Legas ba wanda ya taɓa gano mu. Muka ɗauka a Gana ma haka ne, muka yi ta kwarara "fura" da ƙarfi. Ashe akwai wani ɗan Zango, unguwar Hausawan Kumasi, a cikinsu. Kira na uku sai muka ji ya ce da Hausa tsantsa, "Jama'a, furar nan a tsakiya ake dama ta." Daga nan ba mu sake taɓa ƙwallo a layi ba. Bayan wasa shi ya kai mu gidansu, uwarsa ta dama mana furar gaske.

Dogo ya yi dariya har da tari. Tarin ya ɗan daɗe.

Kwana biyu na yi ina yawon kasuwa, na ga kaya, na yi ciniki. Kullum in na ɗauko maganar gida sai ya ɗauko ta Kumasi. Na fara jin haushinsa sosai. Na ce a raina mutumin nan daɗin ƙasar mutane ne ya riƙe shi, ya bar tsohuwa tana lalube.

Bukit Jalil, ranar Asabar

Da hantsi muka hau jirgin cikin gari tasha ɗaya, muka taka zuwa wani fili a bayan dogayen gidajen ɗalibai. Ciyawa lumbu-lumbu, irin wadda ba mu taɓa samu ba a zamaninmu. Na ji ƙanshinta sai na tuna mutanen da muka yi layi da su, waɗanda rabinsu yanzu sai dai addu'a.

Yaran sun kai ashirin, 'yan Arewa da Malayu biyu da wani ɗan Sudan. Da suka zo jifan layi sai na ji wani ya ƙwala, "Kilishi." Har Malayun sun san inda kilishi yake. Amma ɗagawarsu abin takaici ce. A gwiwa suke kama mutum, su cilla shi, su sake shi ya dawo ƙasa da kansa.

Ban san sanda na miƙe ba. "Kai, kai. Haka aka koya muku? Wanda ka ɗaga, kai za ka sauke shi har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Dogo, zo mu nuna musu."

Ya ce, "Ɗauki ɗaya daga cikin yaran."

"Yaran me? Kai na saba ɗagawa."

"Turmi, mun tsufa."

"Kai ka tsufa."

Yaran suka ɗauki tafi suna kiran Koci. Ya rasa yadda zai yi, ya naɗe jallabiyarsa a ƙugu a kan wandon motsa jiki, ya shiga layi. Na sa ɗan Sudan ɗin a bayansa, ni na tsaya a gaba inda na saba. Aka ce, "Fura."

Na durƙusa, na kama cinyoyinsa, na tashi da ƙarfin da na san Dogo yana buƙata. Saura kaɗan in wurga shi ta bayana. Shekara da shekaru ina ɗaga mutumin nan, na san nauyinsa kamar yadda mai awo ya san mudunsa. Siriri ne tun asali, amma cinyarsa takan cika mini hannu, tauri kamar icce. Yau yatsuna sun kusa haɗuwa. Ƙashi na riƙe.

Ya cafke ƙwallon, yara suna ta sowa. Na sauko da shi a hankali, ban sake shi ba har bayan ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya dube ni, ya san na sani.

Muka koma gefe ƙarƙashin wata bishiya. Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce tun bara waccan. Ciwon daji ne a hanji. An yi masa aiki, an yi ta ƙarin ruwan magani, yanzu likita ya ce abin ya lafa, sai dai a riƙa dubawa. Karatun kuwa ya gama shi tuni. Babu wani babi.

"To me ya hana ka faɗa?"

"In je mata a haka? Mace mai hawan jini? Gara ta ce na ƙi ta, da ta gan ni ta faɗi. Jira nake in ɗan ciko."

Na yi kuka a gaban yaran mutane, ban ɓoye ba. Da na gama kuma faɗa na kama shi da shi. Na ce, "Kai kana jira ka ciko, ita tana ƙarewa. Wa ya ce maka za ta jira ƙibarka? Ni dai ban taɓa ɗaga ka na bar ka a sama ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ya tashi ya hura usur, ya sallami yaran.

Ranar Litinin da safe na same shi ya sa takalmi. Ya ce in raka shi asibiti. Likitar, wata mace mai fara'a, ta duba shi, ya tambaye ta ko zai iya tafiya gida kafin gwaji na gaba. Wannan karon ba na buƙatar tafinta. Na ji ta ce, "Boleh."

Komowa

Muka taso tare, ta hanyar da na bi. A jirgi ya yi ta barci, kansa a kafaɗata. Mun sauka Kano da azahar, muka ɗauki shatar mota, la'asar sakaliya muna Tudun Wada. A ƙofar gida ya tsaya ya gyara jallabiya, ya sake gyarawa.

"Turmi, kada ka ce komai. Idonta ba ya gani sosai, ba za ta lura ba."

Muka yi sallama. Inna tana kan tabarma a tsakar gida da carbi. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ga ni." Ta miƙa hannu ta shafa hularsa, ta shafa gemun, ta sauko ta kama tsintsiyar hannunsa ta riƙe. Ya fara kame-kame, wai abincin can ne bai karɓe shi ba.

Ta ce, "Yi shiru, Isuhu. Tun bara na sani. Muryarka ce ta rame a waya. Tsorona kada a binne mini kai inda ba zan iya zuwa ba."

Ya kifa kansa a cinyarta. Na ja da baya na fita zaure, don wannan ba wurin tsayuwata ba ne.

Na isa gidana ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da mu mu biyu, ya kuma sa muka tarar da ita.