Waɗanda Yaya Ya Kai Gida

Da yayana ya cika shekara guda da rasuwa, muka shirya sujadar tunawa da shi a cocinmu da ke Makera. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya buga takardar tsarin sujadar, ni kuma aka ce in karanta tarihin marigayi. Sai da safiyar ranar aka miƙo mini takardar a bakin ƙofa. Ga hoton Yaya cikin kwat, a ƙasa an rubuta wai ɗan kasuwa ne mai harkar sufuri.

Harkar sufuri! Nan take raina ya ɓaci. Yaya direban motar gawa ne. Tun da aikin masaƙa ya mutu a Kakuri ya samu tsohuwar bas, ya cire kujerun baya. Mu mutanen kudancin jiha ba ma barin namu a birni, duk wanda ya mutu sai an kai shi ƙauyensu an binne. To, Yaya ne mai kaiwa. Akwai waɗanda in ya miƙa musu hannu sai su shiga gyaran hula, don kada su taɓa hannun mai ɗaukar gawa.

Na iske Kawu a bayan coci.

"Kawu, wane ne wannan ɗan kasuwar? Ni ban san shi ba."

"Ke dai bakinki ba linzami," in ji shi. "Akwai manyan baƙi yau. Ki rufa mana asiri, ki karanta abin da aka rubuta."

Na shiga coci na zauna. Zumuntar mata suka yi waƙa, suna kaɗa tulu da caki, ni kuwa ko kalma ɗaya ban ji ba. Tunanina ɗaya: yau ce rana ta ƙarshe da za a taru saboda Yaya, in na bari aka tashi da ƙarya, da ita za a riƙa tuna shi.

Fasto ya kira ni. Na hau, na ninke takardar.

"Jama'a, yayana ba ɗan kasuwa ba ne. Gawa yake ɗauka."

Na faɗa musu yadda yake wanke motar da hannunsa kafin kowace tafiya. In ya bar Sabon Tasha ya kama hanyar ƙauye, kowane rami sai ya lallaɓa shi, wai kada a girgiza mai barci. Ya san waƙoƙin jana'iza na yaruka da dama, yakan rera wa masu makoki a hanya da muryarsa mara daɗi. Wasu suka yi 'yar dariya, ta ƙara mini ƙarfi.

"Don Allah, duk wanda Yaya ya kai masa nasa gida, ya miƙe tsaye."

Shiru. Na ce a raina, shi ke nan, na kunyata shi da kaina.

Sai wata tsohuwa ta dogara sandarta ta miƙe. Can baya makanikai Ibo na Kakuri suka tashi gaba ɗaya, ashe har ƙasarsu ya taɓa kai musu ɗan'uwa. Daga nan benci ya fara ƙara ta ko'ina: malaman makaranta, 'yan kasuwa, masu waƙar, har fasto da ke bayana. Na daina ganin bangon baya. Wallahi ban taɓa alfahari da wani ɗan Adam kamar yadda na yi da Yaya a wannan lokacin ba. Hawaye na zuba, ban ko share ba.

A layin gaba Kawu na zaune, kansa a sunkuye. Yaya ne ya kai gawar matar Kawu gida cikin damina, har motar ta kafe a laka, ya sa kafaɗa aka ɗauki akwatin zuwa ƙofar gida. Kawu ya dafa benci, ya miƙe a hankali, ya cire hula. Ya dube ni, idonsa jawur.

"Ci gaba, 'yata," ya ce. "Faɗa musu duka."