Ɗingishin Yaya a Wasan Auta

Har ya kai shekara arba'in, Auta kowa ke ce masa. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai sayar da katifa. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa ta bar makaranta ta kama ɗinki ta riƙe shi.

In ciniki ya yi sanyi sai ya zauna ya rubuta wasannin waya, irin waɗanda ake karanta labari ana zaɓen abin da zai faru. Kai ne jarumi mai tashi sama, mota na shirin faɗawa kogi, ga kuma tukunyarka a kan wuta, ina za ka fara nufa? Mutane suna so, suna shan dariya.

A wasa na uku ya rasa mugun da zai saka, sai ya ƙirƙiro Mai Mita, wata mace mai yawo da almakashi. Ba ta dukan kowa, mita kawai take yi har ƙarfin jarumi ya ƙare. Ya ba ta ɗingishin yayarsa da yadda take cewa "ni dai na faɗa." Ya san abin da yake yi. Ya dogara ne da cewa Yaya ba ta wasa da waya.

Wata Laraba ta kawo masa wayarta, gilashin ya fashe. Da ya gama gyara ya kunna, sai ga wasan a buɗe, daidai inda jarumi zai zaɓa: ya kulle Mai Mita, ko ya jefa ta wata duniya. Ashe 'yarta ce ta saka mata.

"Kwana huɗu ke nan ina wurin nan," in ji Yaya. "Na kasa danna ko ɗaya. Babu na uku ne?"

Auta bai ɗaga kai ba. Ya yi ta goge gilashin da ya riga ya goge.

"Yaya, wasa ne kawai."

"Na sani, har dariya na yi. Ɗingishin ne dai bai kamata ka saka ba. Ko ka manta inda na samo shi?"

Bai manta ba. Goye da shi ta faɗa kwalbati, ana ruwa, tana gudu za ta kai shi asibiti.

A wannan Larabar ya cire wasan daga inda mutane ke samunsa. Masu tambaya ya ce musu ya lalace ne. Har yanzu yana zuwa gidanta duk ƙarshen mako, ba su sake tayar da maganar ba, amma in ta yunƙura za ta ɗebo masa ruwa, shi yake riga ta miƙewa.